Chari Maigumeri, Sojan Sarakuna Biyu

Daga cikin dakarun ƙasa da tarihi ya adana sunayensu, kaɗan ne al'amarinsu ya kai na Chari Maigumeri ban al'ajabi, domin shi wannan Babarbare, tun yana saurayi, Jamusawa ya fara yi wa aikin soja a Kamaru, inda suka ba shi lambar jarumtaka, kafin Ingilishi su kama shi a Garwa a 1915. Da ƙaddara ta juya, sai ya shiga rundunar Nijeriya a 1917, ya kai muƙamin sajan manjo, ya yaƙi Italiyawa a Habasha, sa'an nan Japanawa a dazuzzukan Bama, ko'ina da lambar yabo. Ya yi murabus a 1953, kuma barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.