Hatsarin Tsofaffin Ramukan Zinariya

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

A shekarun 1930 an haƙi zinariya da yawa a ƙasashen Birnin Gwari da Minna. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 aikin ya ja baya, aka bar ramuka a buɗe, ciyawa ta rufe bakinsu. Yanzu masu neman zinariya suna komawa cikinsu.

Hatsarinsu iri uku ne. Na fari, itatuwan da aka tokare ƙasa da su sun ruɓe, da damina kuwa ƙasa takan jiƙe ta rufta. Na biyu, muguwar iska marar wari takan taru a ƙasan rami, ta sumar da mutum nan take. Wanda ya bi shi ceto shi ma yakan faɗi. Na uku, hayaƙin injin jan ruwa yana kisa a cikin rami.

Saboda haka lalle kowane Hakimi ya sa dagatai su ƙidaya ramukan ƙasarsu, Malami ya rubuta. A kewaye su da ƙaya, a gargaɗi makiyaya da yara. Kada kowa ya shiga shi kaɗai, ko ba igiya a ƙugu. Inji kuwa ya tsaya a waje.