Ciwon dajin ɓargo: wa ya fi kamawa, kuma yaya yake taɓa zuciya?

Cutar da likitoci ke kira miyelom ciwon daji ne da ke tsira a cikin ɓargon ƙashi. Wasu ƙwayoyin jini masu haɗa sinadaran garkuwar jiki ne ke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, su cinye ƙashi, su cika jini da wani furotin marar amfani. Sau da yawa da ciwon baya mai naci, ƙarancin jini da kasala take fara bayyana, shi ya sa ake ɗora ta a kan tsufa.

Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, maza sun ɗan fi mata. Ƙiba da samun mai cutar a cikin dangi na kusa suna ƙara haɗari, ana kuma zargin daɗewa ana mu'amala da magungunan feshin gona. A Amurka baƙar fata sun ninka farar fata wajen kamuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya gano cewa furotin ɗin da ke riga cutar bayyana ya ninka yawa a jinin mazan Akara ta Gana, idan an gwada da Turawan jihar Minesota.

Ɓangaren zuciya ne aka fi mantawa. A wajen kusan majinyaci ɗaya cikin 10, gutsattsarin furotin ɗin na taruwa a gaɓoɓi, abin da ake kira amiloz. In ya kwanta a bangon zuciya sai ta yi kauri ta sandare, ta kasa cika da jini yadda ya kamata. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, bugun zuciya ya rikice. Ƙarancin jini da lalacewar ƙoda na ƙara mata nauyi.

Magungunan ma na da nasu. Thalidomide da lenalidomide na sa jini ya yi gudaji a jijiya, carfilzomib na iya tada hawan jini ko raunana zuciya, dexamethasone kuma na riƙe ruwa a jiki. Don haka ake auna zuciya da hotonta kafin a fara magani, a riƙa bibiya.

Abu mafi muni shi ne mai ciwon baya ya yi watanni yana sayen diclofenac ko ibuprofen wajen ƴan tebur. Waɗannan ƙwayoyi na ƙarasa ƙodar da cutar ta riga ta raunana. Dattijon da ciwon ƙashi ya haɗu masa da ƙarancin jini da kumburin ƙafa, gwajin jini da na fitsari yake buƙata a asibiti.