Dalilin da ya sa gyaran Flying Scotsman ya ci shekara 10 da fam miliyan 4.2

A ranar 25 ga Fabrairu, 2016, wani kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi ya tashi daga tashar King's Cross da ke Landan ya nufi birnin York, dubban jama'a kuma suka yi dafifi a tashoshi da gadoji domin su gan shi. Sunansa Flying Scotsman, a lokacin shekarunsa 93 da ƙerawa. Wannan ce fitarsa ta farko a hukumance bayan gyaran da aka fara a 2006, wanda aka ƙiyasta za a gama cikin kamar shekara guda, a kan kuɗin da bai wuce fam miliyan 1 ba. Sai da aikin ya ci shekara 10 da kimanin fam miliyan 4.2.

Wannan tazara tsakanin ƙiyasi da abin da aka kashe ta samo asali ne daga abu ɗaya. Lalacewar tsohon injin tururi tana ɓoye ne a cikin ƙarfe, ba a saninta sai an kwance shi gunduwa-gunduwa, amma a wannan aiki an yanke kasafi da wa'adi kafin a kwance.

Jirgin da ya karya masu shi

An ƙera Flying Scotsman a masana'antar Doncaster a 1923, bisa zanen injiniya Nigel Gresley. A ranar 1 ga Mayu, 1928, ya ja fasinja daga Landan zuwa Edinburgh, tafiyar mil 392, ba tare da tsayawa ba. A watan Nuwamba na 1934 ya zama kan jirgin tururi na farko da aka tabbatar a hukumance ya kai gudun mil 100 a sa'a. Da aka sallame shi daga aiki a Janairun 1963, ya riga ya yi tafiyar da ta zarce mil miliyan 2.

Attajiri Alan Pegler ya saye shi a kan fam 3,000 domin kada a yanka shi a sayar da ƙarfen. A 1969 ya kai shi rangadi Amurka, rangadin da ya ƙare da karayar arzikinsa. Sir William McAlpine ya ceto jirgin ya dawo da shi gida a 1973. Tony Marchington ya saye shi a 1996, ya kashe maƙudan kuɗi a kansa, shi ma ya karye a 2003.

A 2004 Gidan Tarihin Jiragen Ƙasa na Birtaniya da ke York ya saye shi a kan fam miliyan 2.3. Kaso mafi tsoka ya fito daga wani asusun gwamnati na ceto kayan tarihi, aka haɗa da gudummawar jama'a da ta attajiri Richard Branson. Daga nan jirgin ya zama dukiyar al'umma, duk abin da aka kashe masa kuma ya zama abin da za a yi wa jama'a bayaninsa.

Tukunya ce tushen aikin

Kan jirgin tururi tukunya ce babba a kan ƙafafu. Ana ƙona kwal a murhun da ke bayanta, zafin ya ratsa ta cikin bututu masu yawa da ruwa ya kewaye su, ruwan ya zama tururi. Tururin ne ke tura fistin a cikin silinda, fistin ya tura sandunan ƙarfe, su kuma su juya ƙafafu. Flying Scotsman yana da silinda uku, biyu a waje, ɗaya a tsakiya, manyan ƙafafunsa shida kuma kowace ta ɗan haura mita 2 a tsayi.

Matsin tururin da ke cikin tukunyarsa ya ninka iskar tayar ƙaramar mota kusan sau bakwai. A irin wannan matsi, ruwa ba ya tafasa sai zafinsa ya kai wajen digiri 200. Idan tukunyar ta fashe, ruwan zai rikiɗe ya zama tururi nan take, kuma ruwan da ya zama tururi a sarari yana cin wuri fiye da ninki 1,600. Shi ya sa a Birtaniya ba a barin tukunya ta wuce kimanin shekara 10 ba tare da an kwance ta an duba cikinta ba.

Masu gyara sukan ɗaga tukunyar daga jikin jirgin, su zare bututun, su kankare tsatsa da dattin da ruwa ya bari. Sai a auna kaurin ƙarfen da na'urar da ke aika sauti cikinsa, a gano inda ya sirance. Murhun irin wannan jirgi na jan ƙarfe ne, kuma ɗaruruwan sanduna ne ke riƙe da shi a jikin bangon tukunya, kowace sai an gwada ta. Bayan an haɗa komai, a kan cika tukunyar da ruwan sanyi a matsa shi fiye da yadda za ta ɗauka a bakin aiki. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa kamar tururi, saboda haka idan akwai rauni, yoyo kawai za a gani. Sai ta ci wannan jarrabawa ake hura mata wuta.

A lokacin da gidan tarihin ya karɓi jirgin, tukunyar da ke kansa ta wani samfurin ce mai matsi fiye da nasa. An yanke shawarar cire ta a gyara wata tsohuwa irin tasa ta asali. Wannan kaɗai ya ci lokaci da kuɗi fiye da yadda aka zata.

Abin da fenti ya rufe

A watan Mayu na 2011 aka nuna wa jama'a jirgin cikin baƙin fenti irin na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana cewa saura ƙiris ya hau layi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Cikin 'yan makonni aka gano tsagewa a ƙarafan da ke riƙe da gatarin ƙafafu, da aka zurfafa bincike kuma aka ga wasu tsagogin a sassan ƙashin jikinsa.

Ƙashin jikin kan jirgi wasu dogayen faifan ƙarfe ne guda biyu da ke ɗauke da tukunya da silinda da ƙafafu, nauyin da ya kai kimanin tan 96. Duk bugun da fistin ya yi, a kansu yake sauka. Ƙarfen da ya sha irin wannan bugu shekara da shekaru yakan gaji, ya fara tsagewa daga bakin ramukan ƙusa, tsagar da ido ba ya gani sai da na'ura. A ƙa'ida, da wannan ake fara gyara, domin shi ne harsashi. A nan sai bayan shekara biyar aka gano girman matsalar, dole aka sake kwance abin da aka riga aka ɗaura.

Daga baya an gano cewa silindar tsakiya ba ta zauna daidai da saitinta ba. Karkata kaɗan a irin wannan wuri takan sa sassa su yi zafi su cinye juna. Maganin da aka tsaya a kai shi ne a yanke sashen gaba na ƙashin jikin a ƙera sabo. A Oktoban 2013 aka ba kamfanin Riley & Son da ke Bury kwangilar kammalawa, a Janairun 2016 kuma jirgin ya fara tafiyar gwaji.

Abin da bincike ya gano

Da ƙorafi ya yi yawa, gidan tarihin ya sa Bob Meanley, gogaggen injiniyan jiragen tururi, ya binciki aikin, aka wallafa rahotonsa a 2012. Rahoton ya nuna cewa duban da aka yi wa jirgin kafin saye na gaggawa ne, sakamakonsa kuma ya kyautata zato fiye da kima. An yi wa rogo kallon kitse. Ya kuma gano cewa masu kula da aikin ba su da isasshiyar gogewa da kayan aiki, ga yawan sauyin ma'aikata.

Akwai kuma buƙatu masu karo da juna. Aikin gidan tarihi shi ne adana abu yadda aka same shi, alhali layin dogon zamani ba ya karɓar jirgi sai ya cika sharuɗɗan lafiya, ciki har da na'urorin gargaɗi na lantarki waɗanda babu su a 1923. Ga shi kuma ana son jirgin ya fito da wuri domin ya jawo baƙi. Ma'aikatan da suka san wannan sana'a ma sun yi ƙaranci, tun da Birtaniya ta daina jan fasinja da tururi a manyan layukanta a Agustan 1968. Sashen da ya lalace ba a samunsa a kasuwa, sai an koma ga tsohon zane an zuba ƙarfe an ƙera shi.

Gyara ko sabuwar ƙira

Ana tsaka da wannan aiki, wata ƙungiyar masu sha'awar jiragen ƙasa ta kammala ƙera sabon kan jirgin tururi mai suna Tornado a Darlington a 2008, bisa zanen wani samfuri da aka yanka dukkan guda 49 nasa. An haɗa tukunyarsa da walda a Meiningen ta Jamus, aikin duka ya ci kimanin fam miliyan 3. Wato ƙera sabo fil ya fi gyaran tsoho araha, domin mai ƙera sabo ya san abin da zai saya tun daga ranar farko.

Wannan ya ƙara wa masu suka ƙarfin gwiwa. Suna cewa an sauya wa Flying Scotsman tukunya sau da dama tun yana aiki, an sauya fasalinsa a 1947, an sake masa bututun hayaƙi a 1959, yanzu ga sabon ƙarfe a ƙashin jikinsa, saboda haka abin da ya rage na 1923 kaɗan ne. Masu kare aikin suna amsawa da cewa haka aka saba tafiyar da kowane kan jirgi, ana cire sashe a sa wani a duk babban gyara, kuma injin da ke tafiya yana raya sana'ar maƙera da masu tukunya, abin da na ajiye a zaure ba zai yi ba.

Kowane ɓangare aka bi, kashe kuɗi bai ƙare da bikin 2016 ba. Agogon tukunya yana fara juyawa ne daga ranar da aka gwada ta. A 2022, shekara shida kacal da dawowarsa, an sake janye jirgin aka yi masa gyara domin ya iya fita bikin cikarsa shekara 100 a Fabrairun 2023. Muddin ana son a riƙa ganinsa a kan layi yana tururi, za a ci gaba da kwance shi lokaci-lokaci, kuma a kowane zagaye sai an buɗe ƙarfen kafin a san nawa za a biya.