Indararon saman ƙofar tirelar kwana: yana hana ruwan sama shiga kuwa?

A Amurka, Ostireliya da ƙasashen Turai, mutane da yawa suna tafiya hutu da wata tirela da mota ke ja a baya, mai gado da ɗan kicin a ciki. Idan ka duba saman ƙofarta, sau da yawa za ka ga wani siririn alminiyum da aka lanƙwasa bakinsa sama, faɗinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Mu kira shi indararon ƙofa, don aikinsu ɗaya da indararon soro: ya tara ruwa ya zubar da shi inda ba zai yi ɓarna ba. Idan ka taɓa shiga tsohuwar Peugeot 504, ka san irinsa a gefen rufinta.

To shin wannan ɗan ƙarfen yana hana ruwa shiga, ko ado ne kawai? Yana taimakawa sosai, amma a kan ruwa iri ɗaya kaɗai. Ruwan da ke isa ƙofa kuwa iri uku ne.

Na farko shi ne wanda ke gangarowa daga rufi. Bari mu ɗan yi lissafi. Ruwan sama na milimita 1 da ya sauka a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne cif. A ce rufin tirelar yana da faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2.5, wato murabba'in mita 3.75. Idan aka sheƙa ruwa na milimita 20, rufin ya karɓi lita 75 ke nan, jarka uku masu lita 25. Idan rufin yana zubar da ruwansa dama da hagu, ƙofa mai faɗin santimita 70 za ta sha kusan lita 10 daga ciki, duk ta kan goshinta.

Za ka ce ai ruwan zai faɗo ƙasa abinsa. Ba haka yake yi ba. Ka lura da buta idan kana tsiyaya ruwa a hankali: maimakon ya zubo kai tsaye, sai ya bi ƙarƙashin bakinta ya gangara jikinta. Ruwa yana manne wa abin da yake bi, har ya sha kwana da shi. Haka yake zagaya gefen rufi, ya bi bango, ya tarar da tsagar da ke tsakanin ƙofa da firam ɗinta. A nan kuma wani abu ke jiransa, irin ƙarfin da ke sa kananzir hawa lagwanin fitila. Siririyar tsaga tana zuƙar ruwa da kanta. A tsagar da faɗinta rabin milimita ne, ruwa yana iya hawa sama kusan santimita 3 idan yana kama jikin bangonta sosai. Wato dai ƙanƙantar tsaga ba ta hana ruwa shiga, tana ma jawo shi.

Wannan ruwan ne indararo ke magancewa. Yana tare shi tun kafin ya kai tsagar, ya karkatar da shi gefe. Ga kuma wani amfanin da za ka gani da idonka: idan ka buɗe ƙofa ana ruwa, ba zai zubo maka a wuya ko a kan katifa ba.

Iri na biyu shi ne feshi, wato ruwan da iska ke korowa. Ɗigon ruwa mai kaurin milimita 2 yana faɗowa da gudun kusan mita 6.5 a daƙiƙa. Idan iska tana kaɗawa da irin wannan gudun, kimanin kilomita 23 a awa, ɗigon zai sauko a karkace, duk mita ɗaya da ya yi ƙasa ya yi mita ɗaya gefe. Ka ga indararon da ya fito santimita 2.5 daga bango zai kare santimita 2.5 ne kawai a ƙarƙashinsa. Sauran ƙofar duk a fili take.

Na uku shi ne na kan hanya. Idan ana jan tirela da gudun kilomita 90 a awa, iskar da ke dukan gabanta tana da matsin da zai iya tura ruwa sama kusan santimita 4. A gefen tirelar kuma ruwan a kwance yake gudu, daga gaba zuwa baya, ga wanda tayoyi ke watsowa daga ƙasa. Indararon da ke sama ba shi da ta cewa a nan.

Abin da ke tare iri na biyu da na uku shi ne robar da ke zagaye da ƙofa. Ita ce ainihin mai gadi, indararo rage mata aiki yake yi. Idan robar ta bushe, ta tsage ko ta lotse, ko indararo goma ka sa ruwa zai shiga.

Akwai ma yadda indararon kansa ke jawo matsala. Yawanci da sukuru ake ɗaure shi, kuma kowane sukuru rami ne a bango. Bangon tireloli da yawa yana da katako a ciki, katako kuwa idan danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna samun wurin zama. Ruwan da ke bi ta ramin sukuru ba ya ɗiga a inda za ka gani. Sai dai wata rana ka danna bango ka ji ya yi laushi, lokacin gyaran ya riga ya yi tsada.

Saboda haka idan za ka sa shi, ka shimfiɗa tef ɗin butil, wata roba mai danƙo da ba ta saurin bushewa, tsakaninsa da bango, sannan ka toshe kan kowane sukuru. Ya zarce faɗin ƙofar da 'yan santimita ta kowane gefe, in ba haka ba ruwan da ya tara zai sauka daidai kan kusurwar ƙofa. Ya ɗan karkata don kada ruwa ya kwanta a ciki. Ka riƙa share ganye da ƙasa daga cikinsa, don idan ya toshe ambaliya zai yi.

In kuma ƙofarka tana yoyo yanzu, kada ka yi saurin sayen indararo. Ka sa takarda a bakin ƙofar ka rufe, sannan ka ja. Duk inda ta zare cikin sauƙi, robar wurin ba ta matse ba. Daga nan wani ya shiga ciki da tocila, kai kuma ka riƙa zuba ruwa da tiyo, ka fara daga ƙasan ƙofar kana hawa a hankali. Idan ruwa ya shiga tun kana gefe, roba ce za ka canja. Idan bai shiga ba sai da ka zuba a kan rufi, indararo zai yi maka amfani, amma ka duba robar goshin ƙofar ita ma.