Kumburin Babbar Jijiya: Tsakanin Haɗarin Jira da Haɗarin Wuƙa

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukaki Ya ajiye a jikin ɗan Adam akwai wata babbar jijiya, wadda likitoci ke kira awota, da ke fita daga zuciya, ta lanƙwaso a ƙirji, ta gangara ta gaban ƙashin baya har daidai cibiya, inda take rabuwa biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta a cikin ciki bai cika wuce santimita 2 ba, amma idan tsufa da shan taba da hawan jini suka haɗu suka raunana bangonta, ko mutum ya gaji raunin daga iyayensa, sai wani sashe nata ya riƙa buɗewa sannu a hankali, kamar tsohuwar salka da fatarta ta yi laushi, har idan ya kai santimita 3 a ce kumburi ya tabbata.

Babbar musibar wannan illa ita ce shirunta, domin galibi mai ita yana cin abincinsa, yana zuwa kasuwa da masallaci, bai san komai ba, sai fa idan an yi masa hoton ciki saboda wata larura daban aka ci karo da ita. Ranar da ta fashe kuwa, ciwo mai tsanani ne ke sarar mutum a ciki ko a baya, jini ya malale a ciki inda ido ba ya gani, ya yanke jiki ya faɗi. Kuma kusan takwas daga cikin goma ba sa tashi, da yawansu ma kafin a kai asibiti. Saboda haka ne a Ingila ake gayyatar kowane namiji ya zo a duba shi a shekarar da ya cika 65.

To, mai karatu zai ce, in haka ne me zai hana a yanke ta da zarar an gan ta? A nan ne mas'alar take da wuya. A aikin tiyata na buɗe ciki, tilas ne likita ya matse jijiyar, ya tsayar da gudun jini, ya tsaga kumburin, ya ɗinka bututun yadi a madadinsa. Kuma a duk tsawon wannan lokaci zuciya tana turo jini ne a kan ƙofa rufaffiya, gaɓoɓin da ke ƙasa kuwa suna cikin ƙishi. Daga nan ne zuciyar wani ke bugawa, ƙodar wani ta daina aiki, wani sashen hanji ya mutu, kuma idan aikin ya haura ƙirji, lakar baya na iya rasa jini har mutum ya farka ƙafafunsa a shanye. Wajen mutum huɗu ko biyar cikin ɗari ba sa tsallake wannan aiki, ko da an yi shi cikin natsuwa da shiri.

A 1990 wani likitan Ajantina, Juan Parodi, ya yi aikin ta wata hanya, wato zura bututun ta jijiyar matsematsi ba tare da buɗe ciki ba, kuma haƙiƙa wannan ya rage mace-macen kwanakin farko zuwa ɗaya ko biyu cikin ɗari. Amma fa sauƙin nan yana da bashi a kansa, domin jini kan silale ta gefen bututun ya ci gaba da hura kumburin, ko bututun ya zame daga mazauninsa, ta yadda ya wajaba majinyaci ya riƙa komawa ana duba shi muddin ransa. Ni a ganina wanda ba zai iya cika wannan sharaɗi ba, saboda nisa ko rashin hali, haƙƙinsa ne a bayyana masa haka tun kafin ya sa hannu.

Hukuncin da likitoci suka yi ittifaƙi a kansa ya yi kama da ƙa'idar malaman fiƙihu ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu: muddin kumburin bai kai santimita 5.5 ga namiji ba (ga mace kuwa akan rage kaɗan), haɗarin wuƙa ya rinjayi na jira, sai a sa ido, a bar taba, a tsare magungunan hawan jini. In ya kai, ko yana girma da sauri, ko ya fara ciwo, to mizani ya juya.

Shahararren masanin nan Albert Einstein ya ɗanɗani ɓangarorin biyu. A 1948, lokacin da ba a san dashen bututu ba, likita Rudolph Nissen ya naɗe masa kumburin da wata leda mai shara-shara, ya samu ƙarin shekara shida da 'yan watanni yana aikinsa na ilimi. Da jijiyar ta fara zubar da jini a Afrilun 1955, aka yi masa tayin sabon aiki, sai ya ƙi, ya rasu a asibitin Princeton ranar 18 ga watan, yana da shekara 76.