Hunturu da Rainon Iri a Lambunan Ingila

Akan fassara lokacin sanyin Turai da kalmar "hunturu", amma aikin lambu yana nuna cewa lokutan biyu sun sha bamban. A ƙasar Hausa, hunturu ne lokacin da tumatir da albasa suka fi yin kyau a fadama. A Ingila kuwa, sanyin dare mai daskarar da raɓa kashe tumatir yake yi, kuma yakan kai watan Mayu.

Saboda haka tun a watan Fabrairu mai lambu yakan tsara abin da zai sa a kowane fangali. Sai ya shuka barkono cikin 'yan tukwane a ɗaki, tumatir kuma a Maris, kusa da taga, inda ɗumi ya kai kamar digiri 20. In haske ya gaza, tsiron yakan yi tsawo ba ƙwari. Bayan mako 6 zuwa 8, akan riƙa fitar da shi da rana, ana mayarwa da dare, har wajen kwana 10, kana a dasa.

Ashe ke nan, mai fassara littafin aikin gona na Ingila, in bai bayyana wannan bambanci ba, zai sa manomin Hausa shuka ba a kan kari ba.