Haɗa Bututun Man Giya Da Sabon Lagireto: Bayani Ga Masu Motoci Da Kanikawa

Unguwar Bulumkutu tana bakin babbar hanyar da ta fita daga Maiduguri ta nufi Damaturu, Potiskum da Kano, daura da filin jirgin sama. Motar da za ta bar gari ta yamma ta nan take ratsawa, saboda haka direbobi da yawa a nan sukan tsaya a duba musu mota kafin su kama hanya. Daga cikin ayyukan da akan kawo wa kanikawa akwai canjin lagireto, musamman a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maiduguri kan haura digiri 40 a ma'aunin santigired.

Mutane da yawa sun ɗauka canjin lagireto aikin ruwa ne kawai. A motar da ke da giyar hannu haka abin yake. Amma a motar otomatik, watau wadda take canja giya da kanta, akwai wasu ƙananan bututu guda biyu da suke kai man giya cikin lagireto su kuma komo da shi. In aka haɗa su ba daidai ba, giyabos ɗin da ya ninka lagireton tsada sau da yawa yana iya lalacewa a tafiya ɗaya. An shirya wannan takarda domin a bayyana aikin bututun nan biyu, da yadda ya kamata a haɗa su da lagireton da ba na kamfanin motar ba.

Dalilin da ya sa man giya yake ratsa lagireto

A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, da na Volkswagen a Ikko. Motar 504 da ta cika hanyoyin Arewa a wancan zamani giyar hannu gare ta, lagiretonta kuwa tiyon ruwa biyu ne kawai suke shigarsa, na sama da na ƙasa. Ita Volkswagen Beetle ko lagireton ma ba ta da shi, iska ce take sanyaya injinta. Kanikawa da yawa a kan irin waɗannan motoci suka koyi sana'a. Daga shekarun 1990 sai tsofaffin motocin Turai da Amurka suka yi ta shigowa ta tashoshin Ikko da Kwatano, da yawansu kuwa, kamar Toyota Camry da Honda Accord, otomatik ne. Ita giyar otomatik tsohuwa ce a Amurka, don kamfanin General Motors ya sa ta a motocin Oldsmobile tun na shekarar 1940.

A cikin wannan giya mai ne yake ɗauke da ƙarfin inji. Tsakanin inji da giyabos akwai wani rufaffen kasko cike da mai, da fanka biyu suna fuskantar juna a ciki. Inji yana juya ta farko, ita tana tura mai, man kuma yana juya ta biyu. Wannan gurzuwa tana haifar da zafi mai yawa, musamman a cunkoso, ko cikin rairayi, ko in an yi wa mota lodi. Man giya ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95. Ƙa'idar da masana harkar mai suke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da ya dace yana rage kusan rabin kwanan man.

Saboda haka aka sa wani ɗan rufaffen bututu a cikin tankin lagireto, na ƙasa ko na gefe, inda ruwa ya riga ya huce. Famfon giya yana turo mai mai zafi ta bututu na ɗaya, ya ratsa cikin ruwan ba tare da sun gauraya ba, ya koma giyabos ta bututu na biyu. Da sanyin hunturu kuma ruwan ne yake ɗumama man ya kai zafin aiki da wuri.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Lagireton da ake sayarwa a kasuwa galibi wasu kamfanoni dabam ne suke ƙera shi, kuma sau da yawa guda ɗaya akan yi shi domin motoci iri-iri. Akwai masu kyau a ciki, akwai kuma na banza. Abin da ya fi dacewa shi ne a tafi kasuwa da tsohon, a jera shi da sabon, a duba abubuwa huɗu.

1. A tabbata sabon yana da ƙananan bakuna biyu na man giya. Lagireton motar giyar hannu ba shi da su, bai kuwa dace da otomatik ba ko da ya zauna daram a mazauninsa.

2. A duba ko bakunan suna daidai wurin da na tsohon suke. In sun yi nisa, sai an tanƙwara bututun ƙarfe da ƙarfi, bututun da aka ɗaure yana ja kuwa girgizar hanya takan tsaga shi.

3. A duba irin mahaɗar. Iri uku ne aka fi samu. Na farko noti ne mai tiredi, bakin bututunsa a buɗe kamar bakin algaita. Na biyu baki ne mai ɗan tudu wanda ake zura wa tiyon roba a matse da kilif, kamar yadda yake a yawancin motocin Toyota da Honda. Na uku shi ne wanda ake tura bututu kawai wata 'yar waya ta kama shi, an fi ganinsa a motocin Amurka.

4. A gwada notin tsohon bututu a bakin sabon lagireto da yatsu. Wasu tiredin da awon inci aka yanka su, wasu da milimita. A ido kamar ɗaya suke, noti yakan shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije. Wasu lagiretocin sukan zo da 'yar jakar mahaɗai iri-iri, sai a zaɓi wadda ta dace. In babu, a sauya lagireton tun kafin a bar rumfa.

Yadda ake haɗawa

Sai inji ya huce sarai kafin a fara. Kafin a kwance komai, a sa wa bututun nan biyu alama da fenti ko ƙyalle, domin kowane ya koma bakinsa. A ajiye kwano a ƙasa ya tare man da zai zuba, a kuma auna shi, don a san gwargwadon abin da za a mayar. A toshe bakin kowane bututu da leda mai tsabta. Ƙurar Maiduguri sananniya ce, hanyoyin mai da ke cikin giyabos kuwa sirara ne ƙwarai, ƙwayar rairayi kaɗan ta isa ta maƙale wani bawul.

Sabon lagireto yakan zo da 'yan murafen roba a bakunansa. A cire su sai lokacin haɗawa ya yi, a kuma leƙa a tabbata ba wani guntu da ya saura a ciki.

In mahaɗa ce mai noti, a fara ɗaurawa da yatsu har ya shiga zagaye uku ko huɗu ba tare da gardama ba, sannan a ɗauko sufana. Sufana biyu ake amfani da su, ɗaya ta riƙe bakin da ke jikin lagireto, ɗaya ta juya notin. Wanda ya yi da ɗaya yana iya murɗe ɗan bututun da ke cikin tanki ya tsage a inda ido ba ya gani. Haka nan babban notin da ya manne bakin a jikin tankin roba ba a kwance shi, domin shi ne yake raba ruwa da mai. Kada a naɗa farin tef na masu gyaran famfo ko a shafa gam a wannan mahaɗa. Buɗaɗɗen bakin bututun ne yake zama a kan mazauninsa ya tare mai, tiredi matsewa kawai yake yi, guntun tef kuwa in ya yanke cikin giya zai shige.

In mahaɗa ce ta tiyo, wajibi ne a sa tiyon da aka yi musamman domin man giya. Akan rubuta haka a jikinsa, wani lokaci da lamba SAE J1532. Tiyon ruwa ko na fetur yakan kumbura ya yi laushi in man giya mai zafi ya daɗe yana ratsa shi, daga baya ya fashe ko ya suɓuce. A zura tiyon har ya wuce tudun bakin, a sa kilif a bayan tudun. Ɗauri da waya, ko da robar da aka yanko daga tsohuwar taya, ba ya jure ƙarfin famfon giya.

In mai tura-ka-kama ce, a sa sabuwar waya da sabon zoben roba, a tura har a ji ta kama, sannan a ja bututun baya da hannu a gani ko zai fito.

Bayan haka a bi bututun daga lagireto har giyabos, a mai da kowane cikin maƙalinsa. Kada ya taɓa fanka, ko fambel, ko bututun hayaƙi. Man giya yana kama wuta in ya fesu a kan ƙarfen salansa mai zafi.

Wasu kanikawa, in mahaɗa ta ƙi dacewa, sai su haɗa bututun biyu da juna da guntun tiyo, su bar lagireto a gefe. Motar za ta tashi ta yi tafiya, mai ita ya biya ya tafi yana murna, alhali kuwa man ya rasa inda zai huce. Wanda yake son ƙarin sanyi, kamar mai ɗaukar kaya ko fasinja zuwa Kano, sai ya sa ƙaramin lagireton mai a gaban babban, a haɗa shi a kan bututun da yake mai da man giyabos, yadda man zai ratsa na cikin ruwa tukuna sannan ya ratsa na iska.

Gwaji bayan an gama

A cika lagireto da ruwan sanyaya inji na gwangwani ko na jarka mai maganin tsatsa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, a hankali yakan ci ɗan bututun man har ya huda shi. A mayar da man giya irin wanda littafin motar ya faɗa. Akwai Dexron na General Motors da ya fito a 1967, da Mercon na Ford, da T-IV da WS na Toyota, da Z1 da DW-1 na Honda, kowane da giyar da aka yi shi dominta.

A ta da inji a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a taka birki, a bi da sandar giya kowane matsayi ana ɗan dakatawa, a komo kan harafin P. A duba mahaɗan da farar takarda ko ƙyalle. A yawancin motoci ana auna man ne inji yana aiki ya kuma yi ɗumi, amma a Honda sai an kashe inji a auna nan take. A zagaya da motar cikin gari na ɗan lokaci, a sake dubawa, washegari kuma a duba ƙasan inda ta kwana.

Alamun da ba a yi musu jinkiri

Yawancin man giya ja ne garau kamar zoɓo. In ya koma baƙi yana ƙauri, zafi ya ƙona shi. In ya zama kamar zoɓon da aka zuba wa madara, ko aka ga mai yana yawo a bakin lagireto, to ruwa da mai sun haɗu. In inji yana aiki, famfon giya ne yake tura mai cikin ruwa. In an kashe shi kuma, ruwan da ke matse a lagireto mai zafi shi yake kutsawa cikin giya. Faifan kulocin da ke cikin giyabos da wata irin takarda aka lulluɓe su aka manne da gam, ruwa kuwa yana saɓule ta. Irin wannan ya sami motocin Nissan Pathfinder, Xterra da Frontier da aka ƙera tsakanin 2005 da 2010, har kamfanin ya tsawaita wa masu su garantin lagireto a Amurka. Wanda ya ga wannan alama ya kashe inji, a jawo motar zuwa gareji.

Daga Maiduguri zuwa Damaturu kimanin kilomita 130 ne, ta Auno, Jakana, Mainok, Benisheikh da Ngamdu. Tiyon da ya suɓuce yana iya zubar da man giya cikin 'yan mintoci, motar ta tsaya cik inji yana kuka, a kan hanyar da ba mai son dare ya riske shi da iyalinsa. Saboda haka ana kira ga masu motoci da su ba bakanike lokaci da kuɗin kayan da suka dace, su kuma guji kama doguwar hanya a ranar da aka canja lagireto. Ana roƙon shugabannin kanikawa su koya wa yaransu wannan aiki kamar yadda aka bayyana, su tara tsohon mai a jarka maimakon zubar da shi a lambatu, domin kada ruwan damina ya kwashe shi zuwa kogin Ngadda.